Yadda Ake Tara Tambur na Tsofaffin Wasiƙu: Jagora ga Mai Farawa a Damagaram

Tambayoyin da masu karatu suke ta aikowa game da tara tambur, wato kan sarkin da ake liƙawa a jikin ambulan, kusan duka a wuri uku suke tsayawa: ina ake samunsa yanzu da wasiƙa ta yi ƙaranci, yaya ake raba shi da takarda ba tare da ya yage ba, kuma yaya ake ajiye shi a gari mai ƙura da gara irin namu. Matasa sukan ƙara da ta huɗu, ko akwai kuɗi a cikin harkar. Za a bi aikin a nan daki-daki, bisa jerin da ya kamata a yi shi, domin yawancin ɓarnar da masu farawa suke yi tana faruwa ne a lokacin da suka ɗauki almakashi ko suka zuba ruwa kafin su tsaya su duba abin da ke hannunsu, kuma irin wannan ɓarna ba ta gyaruwa.

1. Haɗa kayan aiki

Kayan da ake buƙata a farko, mafi yawansu suna cikin gida: almakashi mai kaifi, tasa biyu masu faɗi waɗanda ba su taɓa ganin mai ko miya ba, tawul mai tsabta, farar takarda marar rubutu, fensir, da ƴan ambulan sababbi na rarraba abin da aka samu. Waɗanda za a saya su ne madubin ƙara girma, wanda akan samu wajen masu sayar da kayan makaranta ko masu gyaran agogo da waya, da hantsaki mai faffaɗan baki marar haƙora, da kuma kaye mai kauri. Ruwan leda biyu ko uku, na dala biyar-biyar, sun isa zama ɗaya. A ganina mai farawa bai kamata ya kashe fiye da jaka biyu ba a wannan mataki. Kundin tambur na ainihi, mai aljifai a jere a kowane shafi, shi ne abu mai tsada, kuma yawanci sai an yi saƙonsa daga waje, don haka a jinkirta shi har sai abin da aka tara ya kai ɗaruruwa.

Gargaɗi: kada a yi amfani da matsefata ta cire ƙaya ko irin wadda mata suke gyaran gira da ita. Bakinta yana da tsini, yana huda takarda. Idan ita kaɗai ake da ita, a goge bakin da takardar yashi har ya yi sumul. Yatsa kuwa, ko an wanke shi, yana barin gumi da maiƙo da ke zama tabo bayan shekaru.

2. Neman ambulan

Wayar hannu da motocin sufuri sun ɗauke yawancin saƙon da a da gidan waya yake kaiwa, saboda haka wanda ya zauna jiran sabuwar wasiƙa zai daɗe bai cika shafi ɗaya ba. Dukiyar tana cikin adaka da akwatunan ƙarfe na dattawa. A fara da gida: kakanni, baffanni da kawunnai da suka yi aikin gwamnati, malaman makaranta da suka yi ritaya, tsofaffin sojoji, da iyalan da suke da ɗan ci-rani a Libiya, Abijan, Kumasi ko Legas a shekarun da wasiƙa ce kaɗai hanyar jin labari. Gidajen da ɗansu ya yi karatu a Aljeriya, Maroko, Masar ko Saudiyya su ma ba sa rasa ƙunshin takardu.

Akwai wata hanya da ake mantawa da ita, wato tsofaffin ƴan ƙungiyoyin masu sauraron rediyo. Mutanen da suka shafe shekaru suna rubuta wa sassan Hausa na gidajen rediyon Ingila, Jamus, Amurka, Sin da Iran sukan sami amsa da kalanda da mujallu ta akwatin gidan waya, kuma da yawansu sun adana ambulan ɗin saboda alfahari. Bayan su sai ofisoshi, makarantu da ƙungiyoyin da har yanzu suke da lambar akwati. A yi magana da sakatare ko masinjan da ke ɗauko wasiƙu, a roƙe shi ya riƙa ajiye ambulan a cikin kwali maimakon ya zuba a shara.

Wajen dattijo a je da ladabi, a gaishe shi yadda ya kamata, a ce: «Baba, ambulan kawai nake roƙo, takardar ciki ta zauna a wurinku.» A bar shi ya zare wasiƙar da hannunsa, domin a cikinta akwai sirrin aure, bashi da gado.

Gargaɗi: tambur ɗin da ake saya don takardun hukuma, mai ɗauke da rubutun «Timbre fiscal», ba na wasiƙa ba ne. Kada a kuskura a ɓamɓare shi daga takardar haihuwa, takardar fili, shaidar ɗan ƙasa ko kwafin da aka buga wa hatimi a ofishin magajin gari, domin cire shi yana iya zubar da ingancin takardar gaba ɗaya.

3. Tantancewa kafin a taɓa almakashi

Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, kuma shi ne wanda ake tsallakewa. A baje ambulan ɗin a kan tabarma mai tsabta, a ɗauki kowanne a duba abu uku: tambur ɗin kansa, hatimin da gidan waya ya buga a kansa, da sauran alamomin da ke gaba da baya. Hatimin yana ɗauke da sunan garin da aka jefa wasiƙar da ranar da aka jefa ta, a baya kuma sau da yawa akwai hatimin garin da ta ratsa da na inda ta sauka. Ambulan da ya nuna cewa wasiƙa ta tashi daga Bilma a rana kaza, ta bi ta Agadas, ta iso Zinder a rana kaza, shaida ce ta yadda saƙo yake tafiya a wancan zamani, kuma da zarar an yanke kusurwarsa wannan shaida ta tafi, sai ƴar takarda da dubban mutane suke da irinta.

Saboda haka a ware waɗannan a bar su yadda suke, ba yanka ba jiƙawa. Na farko, duk ambulan da ya girmi ƴancin kai na 1960. Tambur na farko na Nijar ita kaɗai ya fito a 1921, lokacin da aka buga «Territoire du Niger» a kan tambur ɗin yankin da ake kira Haut-Sénégal et Niger, a shekarun da Zinder take hedikwatar mulki. Jerin da aka fara fitarwa a 1926 yana da zane uku, masu jan ruwa a rijiya, jirgin ruwa a kogin Kwara, da ganuwar barikin Zinder, kuma wanda ya sami wannan na ƙarshe a kan ambulan mai hatimin Zinder ya sami abin da ya cancanci shafi shi kaɗai. Daga tsakiyar shekarun 1940 zuwa 1959 tambur ɗin bai-ɗaya na «Afrique Occidentale Française» aka yi amfani da shi, wanda ba ya ɗauke da sunan Nijar a matsayin mai fitarwa, don haka hatimin ne kaɗai yake tabbatar da cewa a ƙasarmu aka yi aiki da shi. Na biyu, ambulan mai hatimin ƙaramin gidan waya, kamar Magarya, Mirya, Gure, Tanut ko Matamai, domin wasiƙun da suka fita daga can ba su kai na Yamai yawa ba ko kusa. Na uku, wasiƙa mai rajista da ke ɗauke da ƴar takarda mai harafin R da lamba, da wadda aka mayar wa mai ita, da wadda aka buga wa alamar tara saboda kuɗin tambur bai cika ba. Na huɗu, katin gaisuwa mai hoto da takardar jirgin sama da ake naɗewa ta zama ambulan, wadda tambur ɗinta bugagge ne a jikinta.

Abin da ya rage, wato ambulan na zamani da ya yage ko ya yi datti, ko wanda ake da irinsa da yawa, shi ne na yanka. Wanda aka yi shakka a kansa a mayar da shi cikin na ajiya. Ana iya yanka shi baɗi, amma ba a iya mayar da shi.

4. Yanka

A yanke kusurwar a bar tazarar kamar santimita ɗaya a kowane gefe, a yanki fuskar ambulan kaɗai ba tare da bayansa ba. Idan hatimin ya fito sarai, a faɗaɗa yankan ya haɗa da shi duka, a ajiye guntun haka nan. Tambur biyu ko huɗu da suke manne da juna kada a raba su.

Gargaɗi: ƴan haƙoran da ke gefen tambur sashe ne na jikinsa. Wanda almakashi ya aske wa haƙori ko ɗaya ya zama mai aibi a idon duk mai tarawa. Haka kuma kada a gwada ɓamɓarowa a bushe, ko da kusurwa ta ɗaga da kanta, domin bayan takardar yana salewa ya bar wuri mai shara-shara.

5. Jiƙawa

Kafin a zuba ruwa a raba guntayen kashi uku. Kashi na farko masu farar takarda, su ne marasa matsala. Kashi na biyu masu takarda mai launi, ja, kore, ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa irin na ofis, da waɗanda aka yi wa rubutu da tawada ko aka buga wa hatimi ja ko shuɗi. Waɗannan suna zuba, kuma guntu ɗaya ja yana iya rina duk abin da ke cikin tasa. Kashi na uku su ne tambur masu manne kansu, waɗanda ba a lasa ko shafa musu ruwa kafin a liƙa, irin da Faransa, Amurka da Ingila suka fi fitarwa a shekarun baya-bayan nan. Yawancin waɗannan ruwa ba ya sakin su, sai dai ya lalata su, don haka a gyara musu yanka a bar su a kan takardarsu.

A zuba ruwa a tasa ta farko, mai sanyi ko mai ɗan ɗumi wanda hannu ba ya jin zafinsa. Ruwan rijiya mai kanwa ko gishiri, da ruwan da ya kwana a tulu ya yi laka, suna barin shafi a fuskar tambur, shi ya sa na ambaci ruwan leda. A saka guntaye goma zuwa ashirin, hoto yana kallon sama, kada a cunkusa. Bayan minti goma zuwa ashirin za a ga wasu sun rabu da takarda suna yawo da kansu. Wanda bai saki ba a gwada zame shi gefe a hankali da tafin yatsa, idan ya ƙi a ƙara masa lokaci; ba a jan tambur jiƙaƙƙe sama, domin a wannan hali ya fi kowane lokaci rauni, kuma a nan ne kaɗai yatsa ya fi hantsaki aminci. A tsame guntayen ambulan da suka saki nan take, a mayar da tambur ɗin tasa ta biyu mai ruwa mai tsabta, a shafa bayansa a hankali har santsin ƙaro ya tafi. Idan aka bar ƙaro, zai manne da takardar shanya ko da maƙwabcinsa a cikin kundi. A canja ruwan tasa ta farko da zarar ya fara gurɓata.

Masu takarda mai launi ana yi musu ɗaya bayan ɗaya, a ruwan sanyi, ana tsaye a kai, a cire tambur da zarar ya motsa.

Gargaɗi: ruwan zafi yana kashe launi, sabulu da omo kuma suna cin takarda. Wasu suna ba da shawarar fetur don sakin masu manne kansu. Fetur ɗin kwalba na bakin hanya yana barin maiƙo da wari, ga haɗarin gobara, kada a kusance shi. Sannan tambur ɗin wasu ƙasashen Musulmi yana ɗauke da aya ko sunan Allah. Irin wannan a jiƙa shi daban, a zubar da ruwan a wuri mai tsarki kamar gindin itace, kada a bar guntunsa a ƙasa.

6. Shanya da dannewa

A jera su a kan tawul, hoto yana kallon ƙasa, ba tare da wani ya hau wani ba, a cikin ɗaki. Da hunturu iskarmu tana busar da su cikin ɗan lokaci har su nannaɗe, don haka a sa ido: da zarar sheƙin ruwa ya ɓace, tun suna da ɗan laushi, a mayar da su tsakanin farar takarda biyu, a ɗora littafi mai nauyi irin ƙamus, a bar su kwana ɗaya ko biyu. Da damina a ƙara kwana, a kuma canja takardar sau ɗaya. Littattafan addini ba abin danne kaya ba ne, a nemi wani.

Gargaɗi: kada a shanya a rana, kada a yi guga, kada kuma a yi amfani da jarida ko shafin kaye mai rubutu, domin tawadar tana komawa jikin tambur.

7. Dubawa da gane ƙasa

Da madubi a duba kowanne: haƙora sun cika, babu yagewa, babu lanƙwasa, hatimi bai rufe hoton ba. A ɗaga shi wajen haske don a ga ko bayansa ya sale. Mai aibi a ajiye shi har a sami wanda ya fi shi, sai a musanya.

Rarrabawa bisa ƙasa ita ce mafi sauƙi, sai dai ba kowace ƙasa take rubuta sunan da muka san ta da shi ba. «Helvetia» Suwizalan ce, «Nippon» Japan, «Suomi» Finlan, «Magyar» Hangari, «CCCP» kuwa tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Ingila, wadda ta fara fitar da tambur a duniya a 1840, ba ta rubuta sunanta ko kaɗan, kan sarauniya ko na sarki ne alamarta. Dabino da takubba biyu alamar Saudiyya ce. Canjin suna da na kuɗi yana taimakawa wajen ƙiyasta shekaru: «Gold Coast» ta zama Gana a 1957, «Dahomey» ta zama Benin a 1975, «Haute-Volta» ta zama Burkina Faso a 1984, tambur ɗin Najeriya mai sule da kwabo na fam ya girmi 1973, shekarar da aka koma naira, na Faransa mai kuɗin yuro kuma bai girmi 1999 ba. Na Nijar tun daga 1959 yana ɗauke da «République du Niger», kuma jerin farko da aka soma a 1959 na namun daji ne da tsuntsaye, su raƙumin dawa, jimina da gauraka.

Tambur biyu masu hoto ɗaya suna iya bambanta ta launi, ta farashi, ko ta yawan haƙora, wanda ake ƙirgawa a tsawon santimita biyu. Kada a yi saurin cewa maimaici ne. Kundin farashi, wato littafin da ke jera tambur ɗin kowace ƙasa da lambarsa da farashinsa, wanda aka fi bi a ƙasashe masu amfani da Faransanci shi ne na Yvert et Tellier, na ɓangaren Ingilishi kuma Stanley Gibbons, kuma ko tsohon bugu ya isa wajen gane shekara da lamba.

8. Jerawa

Wanda yake da kundi mai aljifai sai ya zura kowanne da hantsaki, ya bar gurbi ga waɗanda bai samu ba tukuna. Wanda ba shi da shi yana iya yin nasa: a yanka farar takarda mai ƙarfi sirara-sirara, a liƙa gefen ƙasa da na hagu da dama a shafin kaye, sama ya zama buɗaɗɗen aljihu, a bari ƙaron ya bushe sarai kafin a saka komai. A yi aiki da fuska ɗaya ta shafi kawai don kada tambur su riƙa kama juna. A ƙarƙashin kowanne a rubuta ƙasa, shekara da inda aka samo shi da fensir; biro yana ratsa takarda. Cikakkun ambulan a jera su a tsaye a cikin kwalin takalmi, da farar takarda tsakaninsu.

Bayan ƴan watanni ya kamata mutum ya zaɓi fanni, domin tambur ɗin duniya ba ya taruwa a hannun mutum ɗaya. Nijar daga 1959 zuwa yau fanni ne mai kyau, haka ma masallatai, dawaki ko raƙuma. Wanda ya fi burge ni shi ne hatiman gidajen waya na jihar Damagaram, gari bayan gari, domin abu ne da mazaunin nan ya fi kowa a duniya damar haɗawa.

Gargaɗi: kada a liƙa tambur da ƙaro, da salatif ko da abin maƙala takardu. Salatif yana zama ruwan ɗorawa ya ratsa har fuska. Ledar da ake saka hotuna a ciki, musamman mai taushi mai wari, tana gumi da zafin bazara ta manne da launi.

9. Kariya daga damina, ƙura da gara

Kundi a tsaye ake ajiye shi kamar littafi a kanta, ba a kwance ana ɗora masa kaya ba. A sa shi a akwatin ƙarfe mai rufi, a ɗora akwatin a kan tebur ko bulo, nesa da bangon ƙasa inda gara take bi da kuma inda rufi yake ɗiga. A watannin Yuli da Agusta a riƙa buɗe shi kowane mako biyu, a ranar da gari ya bushe, a juya shafuka su sha iska a inuwa. Ƴan ƙunshin ƙwayoyin da ake samu a kwalin sabon takalmi ko na magani suna tsotse laima, a jefa su a akwatin. Idan aka ga ɗigo-ɗigo masu launin tsatsa a jikin wani tambur, a fitar da shi daga cikin sauran nan da nan, domin yana yaɗuwa. Maganin ƙwari kuwa a fesa a ɗaki, ba a cikin akwati ba.

10. Musanya, saye da maganar kuɗi

Maimaici shi ne jarin mai tarawa. A tara su a ambulan daban, a musanya da abokai ɗaya da ɗaya, ko da masu tarawa na wasu ƙasashe da ake haɗuwa da su ta Facebook da WhatsApp. Wanda zai aika a gidan waya ya sa su tsakanin kwali biyu, ya roƙi ma'aikacin ya liƙa tambur na gaske maimakon takardar inji, ya kuma buga hatimi a hankali, domin ambulan ɗin kansa kyauta ce ga wanda zai karɓa. Ya dace kuma a riƙa tambayar gidan waya ko akwai sabon fitowa. Ranar 9 ga Oktoba, ranar gidan waya ta duniya, lokaci ne mai kyau na wannan tambaya.

Game da kuɗi, gaskiyar ita ce yawancin tambur da aka yi aiki da shi an buga shi da yawan gaske, kuma darajarsa a kasuwa ba ta taka kara ta karya ba. Farashin da ke cikin kundin farashi na mai cikakkiyar lafiya ne a hannun dillali, mai sayarwa ba ya samun sai kaso kaɗan daga ciki. Abin da yakan yi daraja shi ne tsohon ambulan cikakke mai hatimin ƙaramin gari, irin wanda aka ce a ware a mataki na uku.

Gargaɗi: a intanet ana tallar tambur masu ƙyalli da sunan Nijar, ɗauke da hotunan taurarin fim da ƴan wasan ƙasashen waje, kuma an sha sanar ta hannun Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya cewa akwai na bogi da ake bugawa da sunan ƙasashen Afirka, har da Nijar, ba da izininsu ba. Akwai kuma waɗanda aka buga wa hatimi tsaf a kusurwa alhali ƙaronsu yana nan a baya, alamar ba su taɓa hawa wasiƙa ba. Kafin a biya kuɗi a nemi hoton gaba da na baya, a nemi lambarsa a kundin farashi, kuma kada a tura wa wanda ya ce zai sayi tarinka da tsada kuɗin rajista ko na dillanci tun kafin ya biya.